Dokar Ta-ɓaci: Wa Zai Taka Wa Shugaba Birki?

Tambaya

Malam, barka da aiki. Ni ɗalibar shari'a ce. A darasin tsarin mulki malaminmu ya ambaci wani farfesa ɗan Amurka mai suna Bruce Ackerman, ya ce ya ba da shawarar a yi wa dokar ta-ɓaci tsari nata na daban, har a yarje wa gwamnati ta tsare mutane na wani lokaci ba tare da ta gurfanar da su ba. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya mutumin da ake cewa mai kare 'yancin jama'a ne zai zo da irin wannan magana? Kuma tunda akwai kotuna, mene ne amfanin wani sabon tsari? Ashe ba aikin alƙalai ba ne su taka wa shugaba birki idan ya wuce gona da iri?

Amsa

Malama, barka kadai. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin sai an fahimci abin da alƙalai suka saba yi a ranar tashin hankali kafin a gane abin da ya kai Ackerman ga shawararsa.

A takarda, maganarki daidai ce. A aikace kuwa, tarihin kotuna a lokacin tsoro ba abin alfahari ba ne. A watan Fabrairun 1942, bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarnin da ya ba sojoji damar kwashe mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan daga gaɓar yammacin Amurka zuwa sansanoni. Mafi yawansu 'yan ƙasa ne, a can aka haife su. Da maganar ta kai Kotun Ƙoli a shari'ar Korematsu, alƙalai shida cikin tara suka ce gwamnati ba ta yi laifi ba. Wannan hukunci ya fito ne a Disambar 1944, lokacin da mutanen suka riga suka shafe fiye da shekara biyu a bayan waya. Sai a 1988 majalisa ta nemi gafara, ta biya kowane mai rai a cikinsu dala 20,000. A Ingila ma haka aka yi a 1941, a shari'ar Liversidge. Doka ta ce ministan cikin gida zai iya tsare mutum idan yana da dalili mai ma'ana na zarginsa, sai alƙalan kotu mafi girma suka ce ministan ne da kansa zai auna ko dalilinsa mai ma'ana ne, ba kotu ba. Alƙali ɗaya kaɗai, Lord Atkin, ya ƙi yarda.

Wanda ya fi ɗaga mini hankali shi ne na Indiya. Firaminista Indira Gandhi ta ƙaƙaba dokar ta-ɓaci ranar 25 ga Yunin 1975, aka kama mutane fiye da dubu ɗari, ciki har da manyan 'yan adawa. Manyan kotunan jihohi da dama suka ce wanda aka tsare yana da damar ya nemi a kawo shi gaban alƙali a faɗi dalilin tsare shi. Amma a 1976 Kotun Ƙoli, da rinjayen huɗu da ɗaya, ta ce muddin dokar ta-ɓaci na aiki, babu wanda ke da wannan damar. Alƙali H. R. Khanna ne ya tsaya shi kaɗai, kuma ya ɗanɗana kuɗarsa: da lokacin naɗa babban jojin ƙasa ya zo a Janairun 1977, aka tsallake shi aka ba na ƙasa da shi, ya ajiye aiki. Abin da ya kawo ƙarshen wannan mulki ba kotu ba ce, zaɓen 1977 ne. Kotun ba ta fito ƙarara ta yi watsi da wancan hukunci ba sai a 2017.

Ba wai alƙalai ba su taɓa tsayawa ba. Suna tsayawa, sai dai yawanci ihu ne bayan hari. Kotun Amurka ta ce haramun ne a gurfanar da farar hula gaban kotun soja inda kotunan farar hula ke aiki, amma a 1866 ta faɗa, shekara guda bayan yaƙin basasa ya ƙare. An buɗe sansanin Guantanamo a Janairun 2002, sai a Yunin 2008 Kotun Ƙolin ta tabbatar da cewa kundin tsarin mulki ya ba waɗanda ke ciki damar ƙalubalantar tsarewarsu. Wurin da ta yi hanzari shi ne 1952, da Shugaba Truman ya karɓe masana'antun ƙarfe lokacin yaƙin Koriya: cikin wata biyu ta ce ba shi da wannan iko. Ki lura dai, a wannan karon dukiyar manyan kamfanoni aka taɓa, ba jikin 'yan tsirarun da jama'a ke jin haushinsu ba.

Dalilin wannan rauni ba lallai ragwanci ba ne. Alƙali ba shi da bayanan sirrin da shugaba ke da su. Ana gaya masa cewa idan ya saki wannan mutum gobe za a binne ɗaruruwa, shi kuma ba shi da hanyar tantancewa. Ga shi shari'a tana cin lokaci. Sannan akwai wata illa da Alƙali Robert Jackson ya hango a shari'ar Korematsu: umarnin soja yakan mutu idan yaƙi ya ƙare, amma hukuncin da ya halatta shi yana nan kamar makamin da aka ɗana, yana jiran duk wanda zai zo da hujjar gaggawa.

To daga nan Ackerman ya tashi. Farfesa ne na shari'a da kimiyyar siyasa a Jami'ar Yale. Ya fara fitar da shawararsa a wata doguwar maƙala a mujallar shari'a ta Yale a 2004, ya faɗaɗa ta a littafi a 2006. Abin da ya tsorata shi ba harin 11 ga Satumban 2001 ba ne kaɗai, har da abin da zai biyo bayan hari na biyu da na uku. Ya ga yadda aka zartar da dokar yaƙi da ta'addanci ta Patriot cikin makonni shida bayan harin, sanata ɗaya tak, Russ Feingold, ya ƙi ta. Ya ce haka za a yi ta yi: a kai hari, jama'a su firgita, 'yan siyasa su yi dokar matsi ta dindindin don a ga sun yi wani abu, a sake kai hari, a ce waccan ba ta isa ba, a ƙara wata a kanta. Ba wanda ke komawa ya soke ta baya. A ganinsa 'yan ta'adda ba za su iya kifar da ƙasa kamar Amurka ba, ba kamar rundunar Hitler ba ce, saboda haka kiran abin "yaƙi" yaudara ce da ke miƙa wa shugaba ikon babban kwamanda ba tare da ranar ƙarewa ba. Amma kuma ya yarda cewa gwamnatin da aka kai wa mummunan hari dole ta nuna wa jama'a cewa har yanzu ragama na hannunta. Sai ya ce a ba ta iko mai faɗi na ɗan lokaci, a madadin iko matsakaici na har abada.

Ginshiƙin shawarar shi ne abin da zan kira tsanin ƙuri'a. Shugaba zai iya ayyana dokar ta-ɓaci shi kaɗai, amma na mako ɗaya ko biyu. Daga nan sai majalisa ta amince da rinjaye na yau da kullum, kuma amincewar ta wata biyu ce. Idan ana son ƙari, sai an sami kashi 60 cikin ɗari na 'yan majalisa. Bayan wata biyu, kashi 70. Daga nan kuma kashi 80, kowane wata biyu. Duk ranar da aka kasa kawo adadin, dokar ta mutu da kanta, ba sai wani ya kashe ta ba.

A nan nake so ki tsaya ki yi tunani, don nan ne hikimar take. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a kowane tsarin dokar ta-ɓaci ita ce: idan kowa ya naɗe hannu, me zai faru? Dokar za ta ci gaba ne, ko za ta faɗi? Wa aka ɗora wa wahalar tara ƙuri'a, mai son ci gaba ko mai son dakatarwa?

Dubi Amurka kanta. A 1976, bayan badaƙalar Watergate da ta ci kujerar Shugaba Nixon, majalisa ta yi dokar da ta ba ta damar soke duk wata dokar ta-ɓaci da shugaba ya ayyana da rinjayen majalisun biyu, ba tare da sa hannunsa ba. Sai a 1983 Kotun Ƙoli, a wata shari'ar da ba ta da alaƙa da ta-ɓaci, ta ce irin wannan sokewa ta saɓa wa tsarin mulki. Aka gyara dokar a 1985, ya zama dole ƙudurin ya je teburin shugaba. Shi kuwa zai hau kujerar na-ƙi, kuma ba a ture shi sai da kashi biyu cikin uku na kowace majalisa. Kin ga tsanin ya juye. Shugaba na ayyanawa da alƙalaminsa shi kaɗai, yana sabuntawa kowace shekara da takarda guda, masu son dakatarwa su ne ke neman gagarumin rinjaye. A 2019 majalisun biyu suka kaɗa ƙuri'ar soke dokar da Trump ya ayyana kan iyakar Meziko, ya ƙi sa hannu, dokar ta zauna. Wadda Carter ya ayyana kan Iran a Nuwamban 1979 kuwa, shugaba bayan shugaba ya yi ta sabunta ta fiye da shekara arba'in.

Jamus ta zamanin Weimar, wato jamhuriyar da ta gabaci mulkin Hitler, ta faɗa irin wannan rami ta wata hanya. Sashe na 48 na kundinta ya ba shugaba ikon dakatar da wasu haƙƙoƙi, ya kuma ba majalisa ikon soke matakin. Amma wani sashen ya ba shugaba ikon rushe majalisar. A Yulin 1930 majalisa ta soke dokar kuɗi da aka yi da wannan iko, Shugaba Hindenburg ya rushe ta, aka sake fitar da dokar. Daga nan mulki ya koma na umarni. Saboda haka lokacin da aka fitar da dokar 28 ga Fabrairun 1933, washegarin gobarar ginin majalisa, wadda ta dakatar da 'yancin magana da na taro da kariya daga kamu, hanyar ta riga ta zama sananniya. Ba a janye wannan doka ba har mulkin Nazi ya faɗi.

Ackerman bai ɓoye cewa Afirka ta Kudu ta riga shi ba. Waɗanda suka rubuta kundinta na 1996 sun sha dokar ta-ɓaci a jikinsu a shekarun 1980, sun san ta ciki da bai. Sashe na 37 ya ce dokar ba za ta wuce kwana 21 ba sai majalisa ta tsawaita, kuma ba fiye da wata uku a lokaci guda ba. Tsawaitawar farko da rinjaye, duk wadda ta biyo baya da kashi 60 cikin ɗari bayan muhawara a bainar jama'a. Kotu na da ikon duba ingancin ayyanawar kanta. Wanda aka tsare, dole a buga sunansa a jaridar gwamnati cikin kwana biyar, kotu ta duba batunsa cikin kwana goma. An kuma hana yin dokar da za ta wanke jami'in da ya aikata haramun. Indiya ma ta koyi darasi: gyaran 1978 ya hana dakatar da haƙƙin rai da na 'yancin kai ko da a dokar ta-ɓaci, ya wajabta amincewar majalisa da rinjaye na musamman cikin wata guda da sabuntawa kowane wata shida.

Akwai wani ƙaramin sashe na shawarar Ackerman da ba a cika ambata ba, ni kuwa ina ganin ƙimarsa. Ya ce kwamitocin majalisa masu sa ido kan dokar, 'yan adawa ne za su shugabance su, kuma a buɗe musu bayanan sirri. Ƙuri'ar kashi 80 ba ta da amfani idan masu kaɗa ta ba su san komai ba sai abin da gwamnati ta ga damar gaya musu.

Yanzu ga abin da ya ɗaure miki kai, kuma ya kamata ya ɗaure. E, gaskiya ne, ya ce a cikin wannan wa'adi a bar jami'an tsaro su tsare wanda suke zargi har kwana 45 kafin a nemi su kawo hujja irin wadda kotu ke nema. Ya gindaya sharuɗɗa: haramcin azabtarwa babu sassauci, kuma duk wanda aka saki ba tare da an same shi da laifi ba a biya shi diyyar dala 500 kan kowace rana. Hujjarsa ita ce za a yi kamun ko an yarda ko ba a yarda ba, gara a yi shi a fili, da wa'adi, da farashin da zai sa gwamnati ta yi tunani kafin ta cika gidajen yari.

A nan na rabu da shi, kuma ba ni kaɗai ba. A shekarar da maƙalar ta fito, David Cole na Jami'ar Georgetown ya mayar masa da martani a mujallar, haka ma Laurence Tribe da Patrick Gudridge. Cole ya nuna abin da lissafin ƙuri'a ba ya gani: kamu irin wannan ba ya faɗa wa kowa da kowa, yana faɗa wa baƙi da 'yan tsiraru ne, waɗanda ba su da wakilci a majalisar da ake dogaro da ita. Bayan 11 ga Satumba, rahoton babban mai binciken ma'aikatar shari'ar Amurka na 2003 ya bi diddigin baƙi 762 da aka tsare, mafi yawansu daga ƙasashen Musulmi, ya gano an riƙe da yawa tsawon watanni kafin a wanke su, an kuma ci zarafin wasu a tsare. Majalisar da kashi 80 nata ke cikin firgici ba za ta yi rashin barci saboda irin waɗannan ba. Tsanin ƙuri'a yana kare ƙasa daga shugaban da ke son dawwama, amma ba ya kare mutum guda daga taron da ya yarda a zalunce shi. Wannan aikin alƙali ne, ko da yana makara. Diyya kuma ba ta mayar da aikin da mutum ya rasa ko sunan da aka ɓata. Ban da haka, azabtarwa ta fi faruwa ne daidai a kwanakin da babu alƙalin da ya ga fuskar wanda aka kama.

Kuma ba daidai ba ne a ce kotuna ba su koyi komai ba. A Disambar 2004 alƙalan Ingila, takwas cikin tara, suka ce tsare baƙi ba wa'adi a gidan yarin Belmarsh ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2001 ya saɓa wa haƙƙin ɗan'adam, domin ya bambanta baƙo da ɗan ƙasa alhali barazanar na iya fitowa daga kowannensu. Kotun da ta yanke Liversidge ce, bayan shekara sittin da uku.

Ko tsanin ma yana da ɓaraka biyu. Ta farko, yana aiki ne inda 'yan adawa ke da kujeru. A Maris na 2020 majalisar Hungary ta ba Firaminista Viktor Orbán ikon mulki da umarni ba tare da ranar ƙarewa ba, kuma jam'iyyarsa da abokiyar ƙawancenta su kaɗai suna da kashi biyu cikin uku na kujeru a lokacin. Masar ta zauna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci daga kisan Shugaba Sadat a 1981 har zuwa 2012, majalisa tana sabuntawa ba gardama.

Ta biyu ta fi wuyar toshewa. Idan aka tsaurara ƙofar dokar ta-ɓaci, gwamnati takan bi ta taga. Afirka ta Kudu, duk da kyawun sashe na 37, ba ta taɓa shi ba lokacin annobar korona. Ta yi amfani da dokar kula da bala'o'i ta 2002, wadda minista ke tsawaitawa wata-wata ba tare da ƙuri'ar majalisa ba, aka tafi a haka daga Maris na 2020 zuwa Afrilun 2022, da dokar hana fita da sojoji a tituna. Faransa ta bi wata hanyar. Ta ayyana dokar ta-ɓaci bayan hare-haren Paris na Nuwamban 2015, ta ɗage ta ranar 1 ga Nuwamban 2017, amma kwana biyu kafin nan an sa hannu a wata dokar yaƙi da ta'addanci da ta kwashe da dama daga cikin ikon, kamar taƙaita zirga-zirgar wanda ake zargi da rufe wuraren ibada, ta zuba su a dokar yau da kullum. Wannan shi ne ainihin abin da Ackerman ya ce yana gudu, kuma wa'adi bai hana shi ba.

Wasu malaman, irin su Eric Posner da Adrian Vermeule, sun ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa doka ba ta iya ɗaure ɓangaren zartarwa a lokacin rikici, siyasa da ra'ayin jama'a ne kawai ke iyawa. Ban bi su har can ba. Abin da ya faru a Koriya ta Kudu daren 3 ga Disambar 2024 ya isa misali. Shugaba Yoon Suk Yeol ya ayyana mulkin soja, ya tura dakaru ginin majalisa. 'Yan majalisa suka kutsa, wasu ta kan katanga, mutum 190 suka kaɗa ƙuri'ar a janye, kafin gari ya waye ya janye. Jama'ar da suka cika titi sun taka rawa, babu shakka. Amma abin da ya ba 'yan majalisar abin yi a wannan dare, ya kuma sa sojoji suka ja da baya, shi ne layi guda a kundin 1987 da ya ce idan rinjayen majalisa ya nemi a ɗage, dole shugaba ya ɗage. Majalisa ta tsige shi ranar 14 ga watan, Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar a Afrilun 2025. Majalisa ta yi nata cikin sa'o'i, kotu ta kammala cikin watanni.

Don haka idan za ki rubuta a kan Ackerman, shawarata ki raba aikinsa gida biyu. Ki riƙe tsanin da batun bai wa 'yan adawa bayanai, ki ƙara masa sharaɗin cewa duk wani iko na musamman, ko da wane suna aka kira shi, annoba ko bala'i ko tsaro, ya bi ta wannan tsanin. Kwana 45 ɗin kuwa ki auna shi da kwana goman Afirka ta Kudu, sannan ki duba sashe na 4 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa, wanda ya ce ba a tauye haƙƙi sai gwargwadon abin da halin da ake ciki ya tilasta, kuma ya ware wasu da ba a taɓa su ko ana ha-maza-ha-mata: haƙƙin rai, haramcin azabtarwa da bautarwa, haramcin hukunta mutum da dokar da aka yi bayan ya aikata abin, da 'yancin addini da tunani. Kwamitin da ke fassara yarjejeniyar ya ƙara a 2001 cewa damar zuwa kotu don ƙalubalantar tsarewa ba ta faɗuwa saboda an ayyana dokar ta-ɓaci. Da wannan ma'auni za ki iya nuna wa malaminku inda shawarar ta tsaya da ƙafarta da inda ta gaza.